Daga Bakin Rumfa: Sun ce in zama shugaban maza

A fitowar da ta wuce na yi muku alkawarin za mu taɓa maganar bashi tsakanin ɗan kasuwa da surukinsa. To ku yi mini afuwa, wannan sai wani jiƙon. Wata magana ce ta taso a unguwa, ta hana ni barci kwana da kwanaki, na ga gara in juye muku ita tun da zafinta.

Muna da majalisar shayi a nan Tampuy, a ƙofar shagon wani tela, bayan sallar isha. In an cika mukan kai goma sha biyu: masu goro, masu kayan moto, mahauta biyu, da wani direban babbar mota da ba ma ganinsa sai wata-wata. Ni ne na biyu a shekaru. Ran nan ana kan tukunya ta biyu sai ɗan wani aminina marigayi, yaro mai sayar da wayoyi, ya ɗaga wayarsa ya ce, "Baba Alhaji, ka san 19 ga Nuwamba ranar mece ce?" Na ce bana dai Laraba ce. Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Ranar maza ce ta duniya. Tun da kake, wa ya taɓa yi maka barka da ita? Amma 8 ga Maris hutu ake yi a ƙasar nan, a fitar da zane na musamman, kuma kai za ka saya, kai za ka biya tela. Mu ne jakunan ɗaukar kaya, su ne masu rana."

Ashe sun riga sun shirya. Su biyar ne, sun buɗe zaure a WhatsApp, har sun raɗa wa abin suna, wanda ba zan faɗa ba don kada in yi musu talla kyauta. Ƙungiyar kare haƙƙin maza suke son kafawa, ta 'yan zango, kuma suna neman mai furfura da za su sa a gaba. Wai ni, tunda ina rubutu.

Daga nan baki ya buɗe. Wannan ya ce lefe, abin da 'yan Nijar ke kira balis, ya hana samari aure. Wancan ya ce kuɗin cefane, nansongo kamar yadda ake ce masa a nan, kullum sai ya ajiye jika biyu, ran da ya ajiye jika ɗaya da rabi ko sannu ba ya samu. Wani ya ce tsohuwar matarsa ta kai shi ƙara a kan ciyar da yara, aka aiko masa da takardar sammaci har rumfa, a gaban abokan ciniki, kamar ɓarawo. Duk wanda ya buɗe baki sai ya ƙare da 'yan feminis, su suka ɓata mata, su suka zuga su. Na zauna ina kurɓar shayi ina jin su, don yawancin wannan kuka na san shi tun ina yaro, kafin kowa a zango ya taɓa jin kalmar feminis.

Abin da ya tsayar da ni daban ne. Ɗaya daga cikin mahautan nan, mutum mai kusan shekara arba'in, ba mai yawan magana ba, ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mana damtsensa. Fata ta saluɓe ta warke, tabo har gwiwar hannu. Ya ce ruwan zafi ne, kuma ba shi ne karo na farko ba, an taɓa fasa masa goshi da muciya ya ce mana moto ce ta kayar da shi. Wallahi kafin ya sauke hannun rigar majalisa ta fashe da dariya. "Kai da wuƙa a ƙugu?" "Mijin ta ce!" Su ɗin nan da suke neman kafa ƙungiyar kare maza, su suka fi kowa ƙyaƙyatawa. Ya yi murmushin yaƙe, ya ce ai ko inda ya je kai kuka ma dariyar aka yi masa, aka ce ya koma gida ya zama namiji. Ni ma, ba zan ɓoye muku ba, sai da na yi murmushi. Da na je gida na kwanta murmushin nan ya tsaya mini a maƙogwaro.

Na ce musu su ba ni mako guda.

A makon nan tunani ya yi ta mayar da ni baya. Waɗanda suka girma a Wagadugu irina za su tuna ranar Asabar, 22 ga Satumba, 1984. Ina ɗan shekara goma sha uku, ko wata biyu ba a yi ba da sauya sunan ƙasar daga Haute-Volta zuwa Burkina Faso. Gwamnatin Thomas Sankara ta ce ran nan maza ne za su je kasuwa cefane, mata su zauna gida, don maigida ya gani da idonsa abin da kuɗin da yake ajiyewa ke iya saya. 'Yan CDR suka tsaya a ƙofofin kasuwa suna mayar da matan da suka zo da kwando. Muna Zangwetin lokacin, tsohuwar unguwar Hausawa, taku kaɗan zuwa tsohuwar babbar kasuwa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi dariya ya ce wannan doka ta ma'aikatan gwamnati ce, shi Bahaushe tun kakanninsa namiji ke cefane. Gaskiyarsa ta wani gefen: matansa biyu suna kulle, shi yake sayo buhun gero da nama. Amma kayan miya, mu yara ake aike. Ran nan sai ya ce shi da kansa zai je, in riƙe masa kwando.

Na ga abin da ban taɓa gani ba. Mutumin da yake cinikin huhun goro daga Kumasi bai ɗaga murya ba, ya tsaya gaban wata tsohuwa mai daddawa yana rantsuwa cewa cutarsa take. Kuɗin da ya saba bayarwa suka ƙare bai sayi gishiri ba, bai sayi mai ba. Ya laluba aljihun ciki. A hanyar komawa bai ce uffan ba. Da muka shiga gida innata ta leƙa kwandon ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," da wata irin murya da har yau ina jin ta. Washegari ya ƙara dala ashirin a kan kuɗin cefane, bai kuma taɓa cewa don me ba. Ni kuwa sai da na girma na gane cewa shekara da shekaru gibin nan kuɗin furarta da ƙuli-ƙulinta ke cike shi, ba ta taɓa faɗa ba.

Zamanin nan an yi abubuwa da yawa a kan mata. An naɗa mata ministoci, irin su Joséphine Ouédraogo da ta riƙe ma'aikatar iyali. Har an yi maganar a riƙa yankar wani kaso na albashin ma'aikaci a miƙa wa matarsa kai tsaye, abin bai tabbata ba, amma na tuna yadda maza suka yi ta huci a kansa. Bayan an kashe Sankara a 1987, dokar iyali ta 1989 ta zo, wadda ta ɗauki auren mace ɗaya a matsayin asali sai in ma'aurata sun zaɓi akasin haka tun wajen ɗaurawa, ba ta kuma san da wani aure ba sai na gaban magajin gari. Mu 'yan zango muka ci gaba da ɗaura namu a masallaci kamar ba da mu ake ba. Sai a watan Satumbar 2025 majalisa ta amince da sabuwar doka da ta buɗe hanyar a yi wa auren masallaci da na gargajiya rajista. To kun ga, shekara arba'in ke nan ana wannan magana a garin nan, ba wayar hannu ce ta kawo ta ba.

Abu na biyu da ya dawo mini shi ne 2003, shekarar da ba na son tunawa. A watan Mayu wuta ta cinye Rood Woko, da rumfata da kayan da na ɗauko bashi. Kafin shekarar ta fita aka rushe Zangwetin a shirin sabunta tsakiyar birni, jama'a suka watse, wasu Waga 2000, wasu Nioko, mu da muke haya muka gangaro Tampuy. Kasuwar ba ta sake buɗewa ba sai 2009. Wata goma sha huɗu na yi ba na shigo da ko dala gida. Kullum da safe sai in yi wanka, in sa babbar riga, in fita kamar mai zuwa wani wuri, in je in zauna a gindin wata bishiya kusa da dam har la'asar. Hajiya ce ta riƙe gidan da waina da kunu a ƙofar gida. Da dare takan sa kuɗi a aljihun rigata, don da safe in ciro a gaban yara in miƙa mata a matsayin kuɗin cefane. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da ita, sai cikin makon nan.

Abin da nake so ku gane, a wata goma sha huɗun nan babu namiji ko ɗaya da na faɗa wa halin da nake ciki. Ga abokai, ga 'yan'uwa, ga liman. An koya mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya kuka, rufin asiri ya fi komai. Akwai ranakun da na zauna ina kallon ruwan dam ɗin nan ina tunanin da bai kamata Musulmi ya yi ba. Allah ya tsare. Daga baya na karanta cewa a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mazan da suke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu, ban yi mamaki ba ko kaɗan. Don haka duk wanda ya ce mini namiji ba shi da abin kuka, sai in ce bai taɓa sa babbar riga ya fita da aljihu wayam ba.

Da yake ni ɗalibin kaina ne, makarantar allo ce kawai na gama, bokon a rumfa na tsince shi, sai na sa ƙaramin ɗana ya tayar mini da abin da aka rubuta a kan irin waɗannan ƙungiyoyi. Na samu abin mamaki. Ranar mazan da yaron nan yake tutiya da ita, wani malamin tarihi ne a ƙasar Trinidad, Jerome Teelucksingh, ya tsayar da ita a 1999, ya zaɓi ranar haihuwar mahaifinsa. A Amurka kuma, mutumin da ake ɗauka kamar uban wannan tafiya, Warren Farrell, asalinsa cikin 'yan feminis yake. A farkon shekarun 1970 har yana cikin shugabannin reshen New York na babbar ƙungiyar matan ƙasar. Da su da shi magana ɗaya suke yi da fari: an ɗaure mace a madafa, an ɗaure namiji a turken nema, a kwance su duka biyun. Inda suka raba gari shi ne riƙon yara bayan rabuwar aure, don shi yana ganin ana tauye uba. Ashe 'yan ɗaki ɗaya ne aka yi baram-baram. A Kenya ma akwai tasu, Maendeleo ya Wanaume, wadda a 2012 ta kira maza su ƙaurace wa abincin gida na 'yan kwanaki don nuna fushi a kan matan da ke dukan mazajensu. Da na karanta wa Hajiya wannan sai ta ce Allah ya kawo yajin nan Tampuy, ta huta da hura wuta.

To a nan ne na ga inda kwafar maganar wasu take kai mutum ya ɓata. Uban da yake kuka a Amurka an raba shi da 'ya'yansa, wataƙila yana da gaskiya a can. Mu fa? A zango wa ake raba wa da ɗa? Kowa ya san al'adarmu: an yaye yaro, ko ya ɗan tasa, uba ya aiko a ɗauko masa abinsa, a kai wa kishiya ko kaka. Alhali malamanmu na Malikiyya, a littattafan da muke karantawa a zaure, uwa suka ba riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, muddin uwar ba ta yi wani aure ba, ciyarwa kuma tana kan uba. Saki yana hannunmu. Ƙarin aure yana hannunmu. A Kano, cikin Janairun 2009, Hajiya Altine Abdullahi ta shirya fito da zawarawa kan titi don a ga yawansu, Hisbah ta hana. Bayan shekara uku aka dawo ana aurar da zawarawa ɗari a rana ɗaya da kuɗin gwamnati. Ba mata ne suka saki kansu ba. A 2017 Sarki Sanusi ya yi maganar dokar da za ta hana wanda ba shi da hali ƙara aure, aka yi masa ca. Da 'yan matan Arewa suka fito a 2019 da abin da suka kira ArewaMeToo suna faɗin abin da aka yi musu, zagi suka fara sha kafin a saurare su.

Na san me za a ce mini: matar nan ta Abuja fa, da kotu ta yanke wa hukuncin kisa a 2020 a kan mutuwar mijinta? Ban manta ba. Rai ne, kuma ba shi kaɗai ba ne. Abin da na lura kawai, duk lokacin da aka tayar da wannan labari a majalisa, ba don a ji tausayin mamacin ake tayar da shi ba, don a rufe bakin mata ne. Ga mahaucinmu da ransa, da tabonsa, a gabanmu, dariya muka ba shi.

Yanzu bari in faɗi wadda ta fi yi mini nauyi. Ɗiyata ta fari, wadda ko sunanta ba na kira, tana ɗakin uwarta yau wata bakwai. Ɗan kasuwa ta aura, ɗan zango kamarmu, a wani gari da ke kudu da mu. Ni na ba shi ita, don na san kawunsa a harkar goro. Sakin da saƙon murya ya zo, a waya, tana wajen suna a gidan maƙwabta. Ta dawo da jaririya a baya. Babban, yaro ɗan shekara huɗu, uban ya riƙe, ya kai wa tsohuwarsa. Tun da ta dawo ko jika ɗaya bai aiko ba. Wani lokaci da dare ina jin ta ta taga tana kunna tsohon bidiyon yaron a waya, ta rage murya don kada mu ji.

Daren da na gaya wa Hajiya cewa yara suna so su naɗa ni shugaban maza, tana ninke kaya, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "To madalla, Alhaji. Shi ma mijin ɗiyar taka zai yanki kati?" Na yi shiru. Ta ce, "Don na san in ya zo majalisarku, shi ma yana da nasa kukan. Zai ce ba ta da ladabi, zai ce kasuwa ta mutu, ku ba shi shayi." Na ce mata ai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, na ba ta labarin mahauci. Nan ta ajiye kayan. Ta ce ta san matar, duk matan layin sun san abin da ake ciki, sun daɗe suna jin ihu. Na ce to me ya hana ku magana? Ta ce, "Ku da kuke zama da shi kullum me ya hana ku tambaya?" Daga nan ne maganar aljihun riga ta 2003 ta fito, bayan shekara ashirin da biyu. Ta ce ta san gindin bishiyar da nake zama, ta taɓa aiken yaro ya bi ni. Wannan sai mu bar shi a nan.

Da mako ya cika na koma majalisa. Na ce musu na yarda a yi ƙungiya, amma ni ba zan shugabanci taron zagin mata ba, ina da uwa a kabari, ina da mata, ina da zawara a gida. Na ce duk wanda zai shiga, in yana da 'ya'ya a hannun matar da ya saka, ya fara nuna mana cewa yana aika musu abinci, ko kaɗan ne daidai ƙarfinsa. In ba shi da shi, ya faɗa, mu haɗa masa, wannan ai shi ne amfanin ƙungiya. Na ce a yi asusu, kowa jika ɗaya a mako, don ranar da wuta ko ɓarayin hanya ko rufe iyaka suka durƙusar da ɗayanmu, kamar yadda da yawa suka durƙushe lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019. Na ba su labarin makarantar mazaje da aka fara a yankin Damagaram fiye da shekara goma sha biyar da suka wuce, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu da zuwa awo, ba wanda rawaninsa ya faɗi. Sannan na juya wajen mahauci na ce masa, a gaban kowa, "Malam, ka yafe mini dariyar ran nan."

Mutum uku suka tashi, ciki har da mai takardar sammaci. Ɗaya ya ce Hajiya ce ta rubuto mini jawabin.

Yaron nan mai wayoyi bai tashi ba, amma ransa a ɓace. Ya ce, "Baba, ai ka mayar da ita ƙungiyar mata." Sannan ya faɗi maganar da har yanzu ban gama juya ta ba. Ya ce shekararsa talatin da ɗaya, bai yi aure ba, sau biyu ana fasawa a kan akwati. Ya ce yana aji shida aka cire shi daga makaranta aka kai shi rumfa don uban ya kwanta ciwo, ƙannensa mata uku da guminsa suka yi karatu, da guminsa aka yi musu kayan ɗaki, ba wanda ya taɓa tambayarsa shi me yake so ya zama. Ya ce, "Duk wata ƙungiya mai farar mota da ta shigo unguwar nan, 'ya mace take nema. Ka fita kan titi ka dubi garibu masu gwangwanin tumatir a wuya, akwai mace a ciki? Mazan da ake tarewa a hanya a kashe, direbobi da yaran mota, wa yake yi musu taro? Ni ban saki kowa ba, Baba. Ban doki kowa ba. Don me kullum in na buɗe baki sai a ce in tuna laifin wani?"

Ban iya ce masa ƙarya yake ba, don ba ƙarya yake ba. Abin da na iya cewa kawai, almajirin nan ubansa ne ya sa shi a mota, ba 'yar feminis ba. Akwatin nan kuma gwaggwanni ne ke ƙirga zannuwa, gaskiya ne, amma mu alhazai mu muka ɓata ma'auni, ranar da muka fara kai akwati goma sha biyu da makullin moto don a faɗa a gari. In da mai ƙarfi zai kai biyu, marar ƙarfi ba zai ji kunyar kai ɗaya ba. Ya ce to in fara da kaina, ƙanwar zawarar tawa ai an kusa sa mata rana. Majalisa ta yi tsit ana kallona. Yaron ya iya kamu. Na ce na ji, akwati biyu, ba ƙari. Ban gaya wa Hajiya wannan ba tukuna, a nan za ta karanta, in ɗanta ya buɗe mata. Ku taya ni da addu'a.

Mu tara muka rage. Ba mu da shugaba, na ƙi, tela ne ke riƙe da littafin asusu tunda a ƙofarsa muke zama. Yaron ya bar zauren WhatsApp ɗinsa a buɗe, har yanzu ana turo bidiyon wasu 'yan Amurka masu ihu a kan mata, ya ce ba zai rufe ba, ni kuma na ce ba zan shiga ba. A haka muke shan shayi tare.

Ranar Juma'a bayan an sauko za mu je gidan surukan mahauci, ni da liman. Shi ba saki yake so ba, ya ce yaransa huɗu, so yake a ja mata kunne a gaban manyanta, in kuma akwai abin da ke damun kanta a nema mata magani. Hajiya ta ce da ita za a je, don akwai abin da matar ba za ta faɗa a gaban maza ba, kuma kada mu ɗauka tun yanzu mun san duk labarin. Na ce to.

Direbanmu kuwa da ya ji zancen jikana, ya ce hanyarsa ce, ya san rumfar kawun yaron. Liman ya rubuta wasiƙa da ajami, ya kawo abin da malamai suka ce a kan riƙo, mu tara muka sa hannu, har da mai wayoyi. Ba mu yi zagi ba, ba mu ambaci kotu ba tukuna. Jiya da asuba motar ta tashi, wasiƙar tana aljihun gabansa. Ɗiyar tawa ta ba shi wata 'yar riga da takalmi a leda, ta ce in ma ba a ba da yaron ba, a gwada masa a gani ko sun yi masa.

Maganar bashin suruki tana nan, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.